Wani Gida a Badarawa

Tsofaffin Badarawa har yau suna ba da labarin duba-garin da ya rufe salgar gidansa da hannunsa. Ya sa aka toshe bakinta da siminti, ya tsaya a kai har ya bushe, sannan ya tara iyalinsa ya yi musu faɗa a kan tsabta, kamar yadda ya saba yi a gidajen mutane. Masu ba da labarin sukan yi dariya, kuma ban ga laifinsu ba. Abin dariya ne. Wannan duba-gari ɗana ne na fari.

Ba zan rubuta sunansa ba. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa, ba ya yi masa wasa, ba ya zama inda yake cin abinci. Uwa ma haka, har ta fi. Kunya ce, haka muka tashi muka tarar. Ranar da aka yaye shi, mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta zo daga Rigachikun ta goya shi ta tafi. Tun daga nan, in dole ta sa ni ko mahaifiyarsa Hajiya Balki mu ambace shi, sai mu ce Na-Inna. Na yi karatu har jami'a, na yi aikin safiyo a ma'aikata har na yi ritaya. Na auna filaye da yawa a garin nan, amma tazarar da ke tsakanina da yaron nan ba ni na auna ta ba. A aune na same ta.

Ba wai ba ma magana ba ne. Muna yi, ta hanyarmu. Idan ya zo hutu kuma ina da saƙo gare shi, sai in dubi duk wanda ke kusa in faɗa. In babu kowa, sai in dubi rediyo. Akwai wani ƙaramin rediyo da nake ajiyewa a kan tebur a falo, shi nakan ce wa, "An kusa komawa makaranta, ya kamata a yi aski." Shi kuma ya dubi ƙasa ya ce, "To." Washegari sai in ga kai a aske. Ban taɓa jin saƙo ya ɓata a hanya ba.

Wajen Inna kuwa babu wannan. Tsakanin kaka da jika wasa ne. Mijinta take kiransa tun yana tsumma, shi kuma yana kiranta amarya. Ta zage shi, ya rama, ta ce ta fasa auren, ya ce dama wa zai kwashi tsohuwa mai haƙori biyu. Duk abin da ba a faɗa a gidana, a ɗakin Inna ana faɗarsa da ƙarfi, har maƙwabta su sa baki.

Na so ya zama likita, na kuma gaya wa rediyo haka fiye da sau ɗaya. Sai ya tafi Kano ya koyi aikin tsabtar gari, ya dawo da kaki da hular kwano. Inna ce ta yanke hukunci. Ta ce, "Likita sai ka kwanta yake zuwa kanka. Mijina kuwa, kana tsaye da ƙafarka zai shigo maka har ɗaka. Wa ya fi wani?"

Ya fara aiki ba da daɗewa ba sojoji suka kawo dokar shara ta Asabar ɗin ƙarshen wata, sai duba-gari ya zama mutum. Aka ba shi Badarawa da wani ɓangare na Abakpa. Kayan aikinsa biyu ne: ludayi mai dogon hannu na duba randa ko akwai tsutsar sauro, da tocila ta leƙa salga. Da an ji ƙarar babur ɗinsa sai mata su fara miƙa labari ta kan katanga, "Ga Duba-gari nan!" Kafin ya kashe babur an juye randuna, an share tsakar gida, an kora agwagi bayan ɗaki. Yakan ce shi bai taɓa ganin ƙazantar Badarawa ba, labarinta kawai yake ji.

Amma salga ba ta ɓoyuwa. Yakan haska tocila ya duba, sannan ya faɗi abin da ke faruwa a gidan, kamar mai karanta jarida. Kuma a gidan mutane bakinsa ba shi da linzami. Iya Tani, wata dattijuwa mai sayar da waina a bakin layinsu, ita ta ba ni labarin yadda suka yi da shi.

Ya fito daga bayan gidanta ya ce, "Iya, wa ke gudawa a gidan nan?"

"Gudawa kuma? Wallahi ko kazar gidan nan lafiyarta ƙalau."

"Ba kaza na tambaya ba. Babban mutum ne, kuma ya kwana biyu yana yi. Maigida ne?"

"Kai ɗan nan! Mijin nawa? Ba ka da kunya ne?"

"Ina da ita, Iya, a gida na bar ta tana gadi. A riƙa tafasa ruwan sha. Wainar nan kuma a dakata da ita sai ya warke."

"Allah ya haɗa ka da mai leƙa taka!"

"Amin. In ya leƙa, fuskarsa zai gani."

Ya auri Sa'adatu, 'yar gidan mutunci, suka haifi 'yan mata biyu, suka zauna a wani ɗan gida da ya gina a Badarawa. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan zo gaishe ni. Ya cire takalmi, ya durƙusa a bakin ƙofar falo, ya gaishe ni, in amsa wa rediyo, ya tashi. Haka muka yi shekaru, kuma ina ganin dukanmu mun gamsu.

A daminar 1993 kakin ya fara yi masa yawa. Ban dube shi ba, amma mutum yana iya ganin abu ta gefen ido, kuma aikina ne sanin abin da ya ragu. Daga baya na ji cewa tun farkon daminar yake ganin jini idan ya zaga. Sai ya yi abin da aka koya masa. A wajen duba-gari ciwon ciki ƙofa biyu gare shi, ko ruwa ko salga. Ya rufe rijiyar gidansa, ya koma sayen ruwa wajen 'yan garuwa yana tafasawa. Jini bai tsaya ba. Ya hana shigo da tsire da waina da duk abin da aka soya a waje. Bai tsaya ba. Sai ya haska tocila a salgarsa, ya yanke mata hukuncin da zai yanke wa ta kowa. Ranar ce mutanen Badarawa suke tunawa. Aka haƙa sabuwa a ɗaya kusurwar gidan, nesa da rijiya daidai yadda littafi ya ce, duk da rijiyar a rufe take. Sabuwar ma ta nuna masa abin da tsohuwar ta nuna.

Sa'adatu ta gane. Amma ni surukinta ne, ba za ta iya zuwa gabana da maganar bayan gidan mijinta ba. Hajiya kuwa, ko an faɗa mata ba ta da bakin tambaya a kan ɗan fari. Sai Sa'adatu ta shiga mota ta tafi Rigachikun wajen Inna.

Inna ba ta bari ta gama ba. Ta ce, "Basir ne. Kakansa ya yi shi. Ubansa ma yana da shi, ɓoyewa yake yi."

Ba ni da shi. Amma wannan ma ba ni da hanyar faɗa.

A lokacin akwai wani mai maganin basir a tashar Kawo, yana da tsohuwar mota da lasifika ɗaure a kai. Daga safe har yamma yana lissafa alamomin ciwon da kalmomin da ke sa magidanta su riƙa duban takalmansu. Na-Inna ya taɓa sa an kore shi daga Abakpa saboda yana zuba magani a kwalaben da ba a wanke ba. Wajensa Inna ta nufa. Ta yi masa bayani dalla-dalla, kamar yadda ake yi wa mai magani. Shi kuwa bai kashe lasifikar ba, kuma ba mantuwa ya yi ba.

"Jama'a ku shaida! Ga wata baiwar Allah ta zo saya wa mijinta! Ma'aikacin gwamnati ne, duba-gari a Badarawa! Shi ma ya sallama!"

Kafin la'asar direbobi sun kai labarin Zariya da Kano. A duk faɗin Kaduna ta Arewa mutum biyu ne kawai ba su ji ba, ni da Hajiya. Wato mun ji, amma ba mu da hanyar da za mu ce mun ji.

Na-Inna ya sha maganin, don Inna ta zo ta tsaya a kansa, bayan ya tafasa shi ya juye a kwalbarsa. Ta sa shi zama a ruwan bagaruwa. Abokan aikinsa kowa ya kawo nasa, domin ya zamana duk ofishinsu babu wanda ba shi da basir. Kakin dai ya ci gaba da yi masa yawa.

Da damina ta wuce, wata Juma'a na ce da rediyo, "Ya kamata a je a ga Dokta Sanda." Dokta Sanda abokina ne tun muna makaranta, ƙwararren likita, ya bar aikin gwamnati ya buɗe ɗakin shan magani a Abakpa. Kuma wan mahaifin Sa'adatu ne. Duk wanda ya ji ya yaba da shawarar. Na gida ne, ba bin layi, ba wulaƙanci, zai dube shi kamar ɗansa.

Kamar surukinsa ya dube shi. Dokta da kansa ya ba ni labarin. Na-Inna ya cire takalmi tun daga waje, ya shiga ya durƙusa a gefen teburin. Aka nuna masa kujera, ya ƙi. Suka gaisa, aka tambayi gajiya da iyali da aiki, aka sake tambayar gajiya.

"Me ke tafe da kai, Malam?"

"Gaisuwa ce, Baffa."

"An ce ba ka jin daɗi."

"'Yar kasala ce."

"Ciki fa?"

"Alhamdu lillahi."

Dokta ya ce ya dubi kalandar da ke bango ya tambaye ta, "Ana dai zagawa lafiya?"

"Alhamdu lillahi, Baffa."

Ya buɗe masa ido ya ga ya yi fari. Ya sa aka auna jini, aka ga ya yi ƙasa. Ya danna masa ciki ta kan riga. Abin da ya rage shi ne ya ce wa mijin 'yarsa ya cire wando ya kwanta ta gefe, kuma a cikin su biyun babu wanda zai iya rayuwa bayan wannan. Ya ba shi maganin tsutsar ciki da na ƙarin jini, ya ce a riƙa dafa masa hanta da alayyaho. Daga baya, bayan komai ya faru, Dokta ya ce mini, "Alhaji, na tambaye shi. Ya ce alhamdu lillahi." Na ce na sani. Ni ma abin da zan ce ke nan.

Aka shiga rani ana cin hanta. Wata Juma'a, ana gab da fara azumi, ya zo ya durƙusa a inda ya saba. Ya gaishe ni, na amsa. Bai tashi ba. Hajiya tana ciki, babu kowa a falon sai mu da rediyo.

Ya ce, "Baba, akwai wani gida a Badarawa."

Na rage muryar rediyon.

"A yankina yake. Na daɗe ina duba shi. Akwai jini a salgar."

Na ce da rediyo, "Mutane suna cewa basir ne."

"Na ga basir a gidaje da yawa. Jinin basir ja ne wur, a sama yake, daga baya yake ɗiga. Wannan ya yi duhu, a cakuɗe yake, da majina. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Maigidan da can da safe yake zagawa, ana iya saita agogo da shi. Yanzu sai ciki ya ɗaure kwanaki, sannan ya ɓalle da gudawa. In ya fito, siriri kamar fensir. Yana tashi sai ya ji kamar bai gama ba, ya koma, babu komai."

"An duba ruwan gidan?"

"An rufe rijiya. An sake salga. An hana cin na waje. Duk abin da aka koya mana na yi wa gidan nan."

"Maigidan yana cin abinci?"

"Yana ci. Ba ya zama a jikinsa."

"Ya ga likita?"

"Ya gani. Likitan babba ne a wurinsa."

A rediyo ana karanta sanarwar ɗaurin aure.

Na ce, "A aikinku, in gida ya fi ƙarfin duba-gari, me ake yi?"

"Rahoto ake kaiwa sama."

"To, an kawo. A tashi a je gida."

Tun da aka haife shi ba mu taɓa yin hira mai tsawon wannan ba.

Washegari na fita neman likita, kuma sharaɗina ɗaya ne: kada ya san mu. Ban zaci zai yi wuya ba. Na farko ɗan ƙanwar Hajiya ne ta wajen uba. Na biyu ni na auna masa fili, yana ganina ya fara durƙusawa. Na uku a Abakpa yake zaune, kuma Na-Inna ya taɓa juye wa matarsa randa, suna riƙe da abin. Wani kuma muna cikin gaisawa muka gano kakanninmu garinsu ɗaya. Mutumin da ya daɗe a aikin gwamnati a Kaduna ba shi da baƙo. A ƙarshe, a wani babban asibiti, aka nuna mini wani likitan tiyata ɗan Kalaba, bai daɗe da zuwa ba. Bai san kowa ba, ko gaisuwar kirki bai iya ba. Na ji hankalina ya kwanta.

Na ba shi labarin wani gida a Badarawa, ban rage komai ba. Da Turanci muka yi, ga abin da ya ce.

"Alhaji, kowa a garin nan basir gare shi. In na sa duk mai basir a gaban injin hoto, injin zai mutu kafin azahar, layin kuma ya kai Kawo. Shi ya sa nake tambaya tukuna. Jini kaɗai, ja, ga mutum da ƙibarsa, wannan in duba shi da yatsa, wataƙila in sallame shi. Amma jini tare da canjin zagawa da ya ƙi komawa daidai, ga rama, ga ƙarancin jini, wannan ba ya bin layi. Shekarun maigidan nawa?"

"Talatin da 'yan kai."

"Ya yi ƙuruciya da abin da nake tsoro, amma na sha gani a nan. Tun yaushe?"

"Tun farkon damina."

Ya ajiye bironsa. "To me yake jira?"

"Wanda bai san shi ba."

"Ɗan'uwanka ne?"

Na ce, "Na mahaifiyata ne." Kuma gaskiya na faɗa.

Ranar da aka kai shi, Inna ta riga mu isa asibitin, da jarkar maganinta ko da likita zai nemi taimako. Ni na tsaya a baranda. Ita ta shige ɗakin, babu mai iya hana ta. Ta taga ina jin likita yana tambaya ɗaya bayan ɗaya, ina jin Na-Inna yana amsawa tsaf, da muryar da yake shiga gidajen mutane da ita. Can sai na ji Inna.

"Kai likita, a hankali! Mijina ne, ban gama da shi ba."

Yatsa ya taɓo gefen wani abu. Sai aka kawo bututun ƙarfe mai fitila aka leƙa, aka tsinko ɗan nama don a kai awo. Da suka fito na ji yana ce wa Inna, "Amarya, addu'ar Iya Tani ta karɓu. Kuma tocilarsa ta fi tawa."

Aka kwantar da shi don ɗaukar hoton hanji, wanda ake ɗura wa mutum wani farin ruwa ta ƙasa kafin a ɗauka. Sai an wanke ciki tukuna, don haka aka ba shi maganin da ya sa shi zirga-zirga. A nan ya ga bayan gidan ɗakin marasa lafiya. Da na zo dubiya da yamma na tarar da shi tsaye a cikin rigar asibiti, ya jera masu jinya da bokitai da tsintsiya, yana nuna musu kusurwoyi. Babbar nas ta tambaye ni ko ni ne na kawo shi. Na ce mahaifiyata ce.

Ciwon daji ne, a ƙarshen babban hanji. Aka yi tiyata bayan Ƙaramar Sallah. Likitan ya same ni a baranda ya ce ya cire abin da zai ciru, amma ya tarar ya riga ya taɓa hanta. Na tambaye shi, da mun zo tun damina fa? Ya ce, "Ban sani ba, Alhaji. Da dai na fi samun abin yi." Na gode masa da bai ƙara komai a kai ba.

An fitar masa da hanji ta gefen ciki, aka manna jaka. Mun zaci wannan ne zai karya shi. Da Inna ta zo ta ga jakar ta fara salati, sai ya ce, "Amarya, kwantar da hankalinki. Yanzu ni ne gidan, ni ne salgar, ni ne duba-garin. Ba mai cin tarata." Ta ce Allah ya sawwaƙe, ita ba za ta zauna da miji mai yawo da bayan gidansa ba, ya ba ta takardarta. Ta fita waje ta daɗe tana fyace hanci.

Ya koma aiki na wasu watanni, da sabuwar ɗabi'a. In tocila ta nuna masa jini a salga, ba ya juye randa, ba ya faɗa. Sai ya shimfiɗa tabarma a zaure ya jira maigidan ya dawo, ya tambaye shi a gaban duk wanda ke wurin. Mutanen Badarawa suka ce sun fi son lokacin randa. Da farko duk wanda ya amsa cewa yana ganin jini sai ya tura shi wajen ɗan Kalaba, har layin ya fara kama hanyar Kawo. Likitan ya aiko yana roƙo, ya ce don Allah a riƙa yin tambayoyin duka, ba ta farko kaɗai ba. Sai Na-Inna ya gyara. Jinin wane iri? Zagawa ta canza? Tun yaushe? Wando ya yi yawa? Yawancinsu basir ne da gaske, kuma da suka dawo daga hannun likitan ba su ƙara gaishe shi ba.

Da damina ta sake zagayowa ya daina hawa babur. Sannan ya daina zuwa gaisuwar Juma'a. Juma'a ta farko na zauna a falo har la'asar. Ta biyu na sa rediyon a aljihun babbar riga na tafi Badarawa. Ban taɓa shiga gidan ba. Na ga rijiyar a rufe, na ga simintin da ke kusurwa. Sa'adatu ta durƙusa ta gaishe ni ta ɓace. Yana kwance, ya yi ƙoƙarin saukowa ƙasa, na ce wa bango a bari. Na ajiye rediyon a kan taga na zauna ina fuskantar rediyon.

Na ce, "Gidan nan fa?"

"Maigidan yana shirin tashi."

"Akwai abin da yake bukata?"

"Akwai gidaje uku kusa da shi. Likita ya ce tun da ya kama shi da ƙuruciya, irin wannan yakan bi dangi. Sabo, da Jummai, da Hadiza." Ƙannensa ke nan. "Ba a yankina suke ba. Kuma na san su, ba za su gaya wa kowa ba. Sai an tambaye su."

"Wa zai tambaye su?"

"Sama."

Na ce da rediyo, "An ji."

Sai ya ce, "Baba, rediyon a kashe yake."

Na ce, "Na sani."

Sai na juyo na dube shi. Yana da tabo a girar hagu, tsohon tabo, wanda gashi bai sake fitowa a kansa ba. Ban san lokacin da ya same shi ba. Daga baya na tambayi Inna, ta ce daga kan mangwaro ya faɗo yana yaro, kuma ai duk Rigachikun an sani.

Ya rasu bayan an girbe gero. Masu ta'aziyya Inna suka nufa, kamar yadda ya dace. Waɗanda suka biyo ta wajena suka ce Allah ya ba Inna haƙuri, na ce amin. Hajiya tana ciki tana raba wa baƙi abinci, ba a ga hawayenta ba, aka yaba mata. Iya Tani ta zo da waina cike da kwano, ta ce ita ta janye addu'arta, da ta san za a karɓa da ba ta yi ba. Inna kuwa ta tsaya a kan bakanta. Ta ce basir ne, likitoci ne suka tsokano shi da ƙarfe.

Juma'ar da ta biyo bayan sadakar arba'in, ƙannensa suka zo gaisuwa. Su ba 'ya'yan fari ba ne, ina kiran sunansu, amma maganar da ta wuce karatu da aiki ba ta taɓa haɗa mu ba. Na kashe rediyo.

"Sabo, yaya zagawarka?"

Sabo malamin sakandare ne, da 'ya'yansa. Ya dubi ƙannensa, ya dubi ƙofa, ya dubi rediyo ko zai cece shi.

"Alhamdu lillahi, Baba."

"Ba shi na tambaya ba. Akwai jini? Ta canza? Wandonka yana nan yadda yake?"

Hadiza ta rufe fuska da mayafi. Jummai ta ce ta bar tukunya a wuta, alhali gidanta a can unguwar Malali yake. Hajiya ta tashi ta shige ciki, amma ina ganin ƙafafunta a ƙarƙashin labule har aka gama. Haka muke yi tun daga ranar. Sun gwada zuwa da baƙi don in ji nauyi, na tambayi baƙin ma.

A shekara ta biyu, wata Juma'a, Sabo ya dubi takalminsa ya ce, "Akwai ɗan jini." Ban jira ya ƙara ba. Ɗan Kalaba ya ce jinin ja ne kuma mutumin da ƙibarsa, amma tun da ƙanin wancan ne, shi ma ba ya bin layi. Aka yi yatsa, aka yi bututu, aka yi farin ruwa. Na tsaya a barandar da na sani. Inna, wadda a lokacin sai an riƙe ta take tafiya, tana zaune a benci da jarkarta a cinya.

Likitan ya fito yana cire safar hannu. Ya ce, "Alhaji, basir ne."

Inna ta ɗaga kai ta dube shi, ta dube ni. Ta ce, "Tun farko me na ce muku?"

Ta miƙa wa Sabo jarkar. Ya karɓa da hannu biyu. Juma'ar da ta biyo baya na kashe rediyo, na fara daga kan Jummai.